Gwaggo Rakiya da Yaron da Ba a Ƙirga Ba

Idan ka shiga kasuwar 'Yankara ranar da take ci, ka bi layin masu mai har ƙarshensa, za ka tarar da wata doguwar tsohuwa zaune bayan farantin ƙuli-ƙuli da galan biyu na man gyaɗa. A wuyanta akwai wata siririyar igiyar roba mai launi uku, ja da ɗorawa da tsanwa, duk ta koɗe don daɗewa. Ita ce Gwaggo Rakiya. Idan namiji ne kai, za ta auna maka manka ta sallame ka ba tare da ta ko dubi fuskarka ba. Idan kuwa mace ce ta zo da goyo, to ba mai ba ƙuli sai an kwance goyon nan an miƙo mata damtsensa ta zagaya masa igiyar. Mata da yawa sun yi fushi sun koma wajen wata mai man, ita kuwa ko a jikinta.

Ni Mas'udu garinmu ɗaya da ita, wata 'yar unguwa can bayan Mabai da ake kira Unguwar Tsamiya. Na san inda ta samo igiyar nan, na kuma san abin da ya sa ba ta cire ta, domin da hannuna a cikin maganar dumu-dumu.

Asalinta ba 'yar garinmu ba ce. A wani ƙauye na ƙasar Sabuwa aka haife ta, gidan wani manomi mai suna Ɗanasabe, irin gidajen nan da mace ke da gonarta da rumbunta, ba ta jiran kowa ya ce mata tashi. Aure ya kawo ta gidan marigayi Malam Nata'ala. Ta zo da turminta da muryarta, kuma tun makon farko matan unguwa suka yanke mata hukuncin cewa ba ta da kunya. Laifinta shi ne in tana magana a tsakar gida ana jin ta daga zaure, kuma ba ta iya rufa-rufa ba. Haihuwa goma ta yi, huɗu suka tsaya. Shidan nan da aka fita da su a tabarma tana kallo sun koya mata abin da ba a koyarwa a aji. Takan gane yaron da ke shirin tafiya tun uwarsa na cewa haƙori ne yake fitarwa.

Shekarar da abin ya faru, gonakin da ke nesa da gari duk an bar wa 'yan bindiga, ɗan abin da aka noma a bayan gida kuwa bai kai bazara ba. Sai tamowa ta shigo ta kama yara. Ana cikin haka wata ƙungiya ta masu taimakon yara ta iso da fararen motoci biyu. Ba zan faɗi sunanta ba, ba don ina jin nauyinsu ba, sai don sunan ya fi layi biyu tsawo, har suka tafi ko mai unguwa bai iya faɗarsa ba. Shugaban tawagar wani ne Abdulgafar, muna ce masa Oga, mutum mai tsabta da ƙamshi wanda ya tashi a Abuja, Hausarsa sai ta jingina da Turanci take iya tsayuwa. Ba mugu ba ne. Agogonsa ne kawai ya fi mu damunsa, don doka ce a wurinsu su hau kwalta kafin la'asar.

Abu na farko da suka yi shi ne kafa kwamiti. Aikin na masu goyo ne da jarirai, saboda haka aka zaɓi maza tara. Da ƙanen mai unguwa, da surukin mai unguwa, da mai shayi, da sauran waɗanda suka ƙware wajen zama a sahun gaba in an ga baƙi. Aka kai su otal a Katsina kwana uku, suka dawo da riguna masu rubutu da hula hana-sallah, da ilimin yadda ake wanke hannu da sabulu a ƙarƙashin famfo, a garin da famfonsa guda ya shekara uku bai ɗiga ba. Aka kuma ba kowannensu igiyar awo. Aka ce in an zagaya ta a damtsen yaro ta tsaya kan ja, yaron na cikin haɗari, in ɗorawa ce a sa ido, in tsanwa ce lafiya lau. Abin da babu wanda ya tuna shi ne, cikin su taran nan babu mai ikon wuce zauren wani ya shiga wajen matansa. Don haka igiyoyin suka samu wasu ayyukan. Gwaggo Rakiya ta tsinci tata ne a ƙafar zakaran mai shayi, an ɗaure shi da ita za a kai shi kasuwa. Ta kwance, ta ba mai shayin tsumma ya ɗaure abinsa, ta tsare shi sai da ya gaya mata ma'anar launukan, ta rataya a wuya.

Abincin da suka kawo kuwa wani kwaɓi ne a 'yan ledoji masu ƙyalli, mutanen gari suka raɗa masa suna gyaɗar asibiti. Ranar farko Gwaggo ta lakata ta ɗanɗana, ta juya harshe, ta ce, "Yo wanga ai tunkuza ce da sukari da madara. Gyaɗarmu ce ta tahi birni aka sa mata riga ta dawo." Amma ba ta raina shi ba. Da idonta ta ga yaran da ya tayar, ta kuma faɗa a gaban kowa cewa yana aiki.

Ni a lokacin na gama kwalejin horon malamai ina zaman jiran aiki, sai aka ɗauke ni mai rajista. Aka ba ni wata faffaɗar waya, aka ce duk yaron da bai kai shekara biyar ba in shigar da sunansa. Wanda ya shiga shi ke da kati, mai kati shi ke da gyaɗa. Na ji kaina ya yi girma, har tafiyata sai da ta canza.

Ranar rajista muka isa gidan su Shamsu, abokin wasana na ƙuruciya, wanda ke can kudu yana ci-rani. Matarsa Suwaibatu ta fito bakin zaure da jaririyarta Mansura a baya, uwar mijinta na tsaye a gefenta, sauran matan gidan na leƙe ta bayansu. Na tambaye ta 'ya'ya nawa gare ta. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta ce, "Ɗaya."

Matan suka yi 'yar dariyar nan ta yabo. Kowa a wurin ya san biyu ne. Akwai ɗan farinta, Lawwali, wanda aka yaye da wuri saboda ciki ya shiga, aka kai shi wurin kakarsa ta wajen uwa a wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya. Amma wace 'yar mutunci ce za ta buɗe baki gaban uwar miji ta ƙirga ɗan fari cikin 'ya'yanta? Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ta kama dole sai ta ce "yaron Inna". Haka iyayenmu suka yi, haka kuma muke yabon wadda ta yi.

Ni ma na sani. Da bakina na ci naman sunan Lawwali. Abin da ya kamata in yi bai wuce in ce "da na wurin Inna biyu ke nan" ba, in danna, a wuce gaba. Amma Oga na tsaye a bayana yana duban agogo. Na san in na ce biyu zai tambaya me ya sa ta ce ɗaya, sai in tsaya yi masa bayanin cewa matanmu ba sa ƙirga ɗan fari don kunya, shi kuma ya yi murmushin nan nasa na wanda ya zo kallon ƙauyawa. Ban so ya sa ni a layinsu ba. Na ce a raina ai yaron ma ba ya gari. Na danna ɗaya.

Wata biyu bayan haka 'yan bindiga suka tashi ƙauyen kakar. Tsohuwar ta yi mako uku tana raɓe-raɓe a makarantu da kangaye, ba abin da ke shiga cikinsu sai garin rogo da ruwa, kafin ta iso Unguwar Tsamiya da yaron a baya. Mata suka taru suna tubarkalla. Kumatunsa sun cika, ƙafafunsa sun yi ɓul-ɓul, kowa na cewa hannun kaka ya karɓe shi. Babu wadda ta damu da gashinsa da ya yi ja ya yi laushi, ko yadda yaron da bai cika shekara biyu ba yake wuni zaune shiru yana kallon bango.

Suwaibatu ta lura, ai uwa ce. Amma ba ta da bakin faɗa a gida. Sai da ta faki ido da hantsi ta shiga gidan Gwaggo kamar ta zo sayen ƙuli, ta tsuguna gefen kasko, ta ce a hankali, "Gwaggo, yaron Inna ba shi cin abinci."

"Wane yaron Inna kuma? Inna ta haihu ban ji ba?"

Suwaibatu ta shiga wasa da bakin zane. Gwaggo ta yi tsaki, ta sauke kaskon daga wuta, ta bi ta. Da ta ga yaron ko igiyar ba ta ciro ba. Ta kama ƙafarsa, ta danna babban yatsanta a samanta, ta ɗan jima, ta ɗauke. Ramin yatsan ya zauna kamar an danna tuwo. Ta ce, "Wanga ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Biyu cikin nawa haka suka yi kahin su tahi."

Ranar Alhamis ake rabon gyaɗa a harabar makarantar firamare. Gwaggo ta goya Lawwali da kanta ta zo, ta ƙi bin layi, ta tsaya gaban teburina. Na duba wayar duk da na san abin da zan gani, na ce ba ya ciki. Oga ya matso ya yi mata bayani cikin ladabi, har da "Mama". Ya ce an rufe rajista, sunayen suna can babban ofis, kwalayen kuma da sunaye ake turo su, babu ko leda ɗaya ta ƙari, ta yi haƙuri zuwa zagaye na biyu bayan damina. Da can akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke biyo su, Esther, wadda kallo ɗaya zai ishe ta ta gane, amma tun da aka taɓa tare hanya aka daina zuwa da ita. Don a nuna an yi ƙoƙari, Oga ya kira ƙanen mai unguwa, shugaban kwamiti, ya ce ya auna yaron. Ya zagaya igiya a kumburarren damtse, ta tsaya kan tsanwa, ya ɗaga murya ya sanar kamar wanda ya ga watan Sallah.

"Kin gani, Mama? Lafiyarsa ƙalau," in ji Oga.

"Ku danna ƙahwarshi ku gani."

"Wannan ba ya cikin abin da aka ce mu duba, Mama."

To akwai mai ɗaukar hoto da suka zo da shi ranar. Tun safe yake yawo cikin yaran da suka koma ƙashi da fata yana yamutsa fuska, don an ce ya kawo hoton da zai nuna aiki ya yi kyau. Da ya hango kumatun Lawwali sai fuskarsa ta washe. Ya zaro leda ɗaya daga kwali ya danƙa wa yaron, ya durƙusa, ya yi ta ɗauka ta nan ya koma ta can. Da ya gama ya miƙa hannu zai karɓi ledar ya mayar, don a ƙirge take. Gwaggo ta riga shi. Ta fizge, ta sa haƙori ta farke bakinta, ta miƙa masa ta ce, "Ungo, mayar." Abin da Lawwali ya samu ke nan daga ƙungiyar, kuma ko shi lasa biyu ya yi ya kau da kai.

Kafin ta tafi ta dawo kaina. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali.

"Wa ya rubuta gidan su Shamsu?"

"Ni ne, Gwaggo. Abin da uwar ta faɗa na rubuta."

"Kai ba ɗan hwari ba ne wurin uwarka?"

"Haka ne, Gwaggo."

"Tun da ta haihe ka, ka taɓa jin sunanka a bakinta?"

Na shiga goge fuskar wayar da bakin riga. Ta ci gaba.

"Shi wancan baƙo ne, bai sani ba. Kai hwa? Boko ya kwashe abin da ka sani bai zuba maka komi ba."

Mako guda ta yi tana fama ita kaɗai. Ta bar suyar ƙuli, ta bi gida-gida tana roƙon masu kati kowace ta taimaka da leda ɗaya. A nan ta gano inda rabin gyaɗar asibiti ke tafiya. Teburin mai shayi take ƙarewa, inda magidanta ke shafa ta a burodi da safe suna cewa tana ƙara ƙarfi, cikinsu har da 'yan kwamiti da rigunansu masu rubutu. Ta tsaya a kansu ta wanke su tas, ta kwashe ledojin da ke kan teburin ta ƙulle a zane. Ta dama kunun gero da gyaɗa da waken suya tana ɗura wa yaron da cokali. Amma ciwon ya wuce na cokali. Da fatar cinyoyinsa ta fara saɓulewa, ta ce sai asibitin Ƙanƙara, inda ake kwantar da irinsu.

Sai aka buɗe wani sabon wasan. Mahaifin Shamsu ya ce ba a fita da yaro daga gidansa sai da izinin ubansa. Wayar Shamsu ba ta shiga. Uwar miji ta ce a bari a ga aikin jiƙon da aka karɓo tukuna. Suwaibatu, wadda ita ce cikinta ke ƙuna, ba ta da ikon ta nuna ta damu, kada a ce ta zaƙe a kan ɗan fari. Kwana huɗu aka kashe a haka. A na biyar Gwaggo ta shiga gidan da sassafe, ta ɗauki yaron ba ta gaida kowa ba, ta same ni a ƙofar gidanmu ta ce in nemo babur. Na aro na ɗauke su.

A asibiti sun karɓe shi hannu biyu, ba su tambayi kati ba. Likitan ya danna ƙafar kamar yadda Gwaggo ta yi, ya ɗago ya dube mu, ya tambaya me muke jira tun mako biyu da suka wuce. Lawwali ya kwana biyu a gado, ya cika ranar Alhamis da azahar, daidai lokacin da ake rabon gyaɗa a makaranta.

A zaman makoki Suwaibatu ba ta yi kuka ba. Ta yi ta kai ruwa da tabarmi kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Daga zaure na jiyo wata tsohuwa tana cewa, "Kai, ɗiyar nan akwai kunya, ko hawaye ba ta bari an gani ba." Sauran suka amsa da madalla. Ban taɓa jin ƙyamar yabo kamar yadda na ji a ranar ba, ga shi kuma duk garin ni ne wanda ba shi da bakin magana.

Bayan girbi aka shirya bikin rufe zagaye na farko. Aka kafa rumfuna, aka share bakin hanya, aka jera 'yan makaranta cikin rana tun hantsi don su yi waƙar maraba. Manyan baƙi suka iso da jami'an tsaro gaba da baya, cikinsu har da wata Hajiya daga babban ofis. A bayan kujerun manya aka ɗaura wani ƙaton kyalle da ya rufe bangon aji. Fuskar Lawwali ce a kai, kumatu cike, leda a hannu.

Oga ya tashi ya karanta jawabi. Ya ce yara ɗari biyu da goma sha huɗu aka yi wa rajista a Unguwar Tsamiya da kewaye, kuma cikin ikon Allah ba a rasa ko ɗaya ba. Aka yi tafi, na 'yan kwamiti ya fi na kowa ƙara. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya ya yi ba. Wanda bai shiga rajista ba, ta ina zai mutu a cikinta?

Sai Hajiyar ta karɓi lasifika, ta juya ta nuna kyallen. Ta ce tun a ofis hoton yaron nan ke faranta mata rai, don haka ta zo da turmin atamfa musamman saboda uwarsa, ta fito a gan ta.

Mai unguwa ya shiga gyaran hula. 'Yan kwamiti kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Gwaggo Rakiya ta miƙe daga cikin mata, na ce a raina yau rumfar nan sai ta kife. Hajiyar ta yi murmushi ta ce, "Ke ce kakarsa, Mama?"

"Ni mai ƙuli ce. Uwarshi tana nan, tana kuma da baki." Ta juya ta dubi Suwaibatu. "Kin yi kunya shina da rai, an yaba maki. To ga shi can a bango. In kin ga dama ki ƙara."

Suwaibatu ta tashi da Mansura a baya, uwar mijinta na jan zanenta ta ƙasa. Ba ta je wurin lasifika ba. Daga inda take ta yi magana, amma kowa ya ji.

"Nawa ne. Ni na haihe shi. Sunanshi Lawwali."

"Masha Allah!" in ji Hajiyar. "To ina yake?"

"Shina nan bayan makarantar ga, inda ake rufe yara. Wata huɗu ke nan."

Na ga tsofaffi sun rufe baki da hannu, kuma wallahi ba mutuwar ce ta girgiza su ba, ai sun san da ita. Sunan da ta kira ne. Hajiyar ta tsaya riƙe da atamfa ta rasa inda za ta ajiye ta. Oga ya juyo ya dube ni, ni kuma na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun a zauren su Shamsu, na ce ni na bar shi a waje, kuma ina sane. Wani mai dabara ya yi wa makaɗa alama suka saki kiɗa, aka shafa fatiha a gurguje, motoci suka kama hanya tun la'asar ɗin tasu ba ta kusa ba.

Suwaibatu ba ta karɓi atamfar ba. Da ma'aikata suka zo naɗe kyallen, Gwaggo ta taka gefensa da ƙafa ta ce a garin nan zai kwana. Suka ce kayan ofis ne. Ta ce yaron da ke jiki fa, na wane ofis ne? Suka bar mata. Shi ne kaɗai hoton Lawwali da aka taɓa ɗauka, yana nan ninke a ƙasan kwallar uwarsa.

An ce daga baya 'yan ƙungiyar sun yi taro a wani otal a kan lamarin, sun ƙara tambaya ɗaya a cikin wayar tasu. Rahoton shekarar dai na gan shi da idona, yana nan yadda Oga ya karanta. Gwaggo kuwa ba wanda ya ba ta riga ko hula. Ta koma suyarta da igiya a wuya, kuma duk mai goyon da ta ce mata 'ya'yanta kaza, sai ta ce, "Da wanda ba ki hwaɗi, ko ban da shi?" Tsofaffin unguwa har gobe suna cewa ta ɓata tarbiyyar matan gari. Yara nawa ta tura Ƙanƙara a kan lokaci, ba wanda ya ƙirga, ita ma ba ta ƙirga ba.

Bara wata sabuwar ƙungiya ta zo da sabuwar mota da sababbin riguna. Aka sake kafa kwamiti, ƙanen mai unguwa ya sake zama shugaba. Da yake masu iya danna wayar ba su da yawa a garin, aka sake ɗaukata. Wannan karon Gwaggo ta ce mini ƙafata ƙafarka, ta bi ni zaure-zaure ba wanda ya gayyace ta. Muka isa gidan su Shamsu. Suwaibatu ta fito da sabon jariri, Sadiq, Mansura na riƙe da zanenta, uwar miji na tsaye inda ta tsaya wancan karon. Na yi tambayar ban iya ɗago kai ba.

"Ukku," ta ce. "Lawwali, da Mansura, da Sadiq."

Na gaya mata a hankali cewa masu rai kaɗai ake shigarwa, babu gurbin da zan sa shi.

"Na sani. Ba shi zuwa amsar komi. Rubuta shi dai."

Na dubi Gwaggo. Ta ce, "Mi kake kallo? Ka ji uwarshi."

Na buɗe sabon layi na rubuta Muhammad Awwal Shamsu. Wurin shekaru na sa abin da zai kai da yana nan, huɗu da wata bakwai. Wayar ta karɓa, ta fitar masa da lamba. Bayan mako biyu katinsa ya iso cikin na sauran yara, da sunansa a jiki. Na kai wa uwarsa har zaure, ta karɓa da hannu biyu.